Bazarar da Godiya Take Kira Na Manaja

Zafin bana ya sa na koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da ciwon gwiwa ya raba ni da zaman ƙasa tun tuni. Da hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara kamar ana taka shi, kafin azahar ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Jiya da la'asar ina zaune ina fifita da murfin kwali, hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sannan ya watse bai ba mu ko ɗigo ba. Iska ce kawai ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wa wasu. Wannan ƙamshin ne ya mayar da ni wata bazara, ta shekarar da sojoji suke shirin miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina manajar wani gidan burodi a Sabon Tasha, 'yata Godiya kuma ba ta isa shiga firamare ba.

Unguwarmu Narayi ta wancan zamani ba wannan ba ce. Gidaje jefi-jefi ne, tsakaninsu gonakin masara da rogo. Yanzu maɓalli nake dannawa, tanki ya cika har ya yi ambaliya. A lokacin kowa da rijiyarsa, kuma a bazarar nan rijiyoyi suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta fara ba da jan ruwa, ta koma ba da taɓo, daga baya guga sai ya bugi dutse ya dawo wayam. Famfon bakin titi kuwa ya daɗe da zama turken akuya. Rijiya ɗaya ce ta tsaya a layinmu, ta maƙwabciyata Laraba, wadda muke kira Maman Dauda.

Mutanen Filato ne. Mijinta yana aiki a masaƙa a Kakuri, ita tana gida da yaranta maza uku, tana dama kunun zaƙi tana sayarwa a ƙofar gida. Babu katanga tsakaninmu, shingen bini-da-zugu ne kawai, da wata kafa da ƙafafunmu suka buɗe. A tsakar gidanta akwai wani ƙaton mangwaro. Ko rana ta kai tsaka, gindinsa da sanyi kamar bakin rafi.

Mijina Yohanna malamin makaranta ne, an tura shi wani ƙauye ta wajen Zonkwa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Da yarinyar da take taya ni reno ta koma garinsu, Laraba ce da kanta ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Maman Godiya, me ya sa za ki wahalar da kanki? Ki riƙa miƙo mini ita. Ni da ma Allah bai ba ni mace ba."

Na yi mata godiya har da rusunawa. Ban san abin da nake miƙawa ba.

Da asuba nake tashi. In ɗauki bokiti biyu in ratsa shinge in ja ruwa a rijiyarta, tun kafin matan layi su yi jerin gwano. In yi wanka da rabin bokiti, ruwan da na tara a baho in wanke kayan Godiya da shi, abin da ya rage in zuba a bayan gida. Kafin in gama ɗaura ɗankwali zufa ta sake jiƙa ni. Sai in ji hon ɗin akori-kurar gidan burodi a waje, da muryar direbanmu Sande yana cewa, "Manaja tana nan? Manaja, mun makara fa!" In sunkuci Godiya da barcinta, in kai ta gidan Laraba in shimfiɗe ta a tabarma. Sau da yawa ba ta ma san na fita ba.

Mutane suna jin an ce manaja sai su hango kujera mai juyawa da fanka. Ofishina wani lungu ne da aka yanke da falanki a jikin bangon tanda. In ka jingina da bangon nan sai ka yi tsalle. Kuma zafi abokin gaban mai burodi ne: kwaɓi yakan tashi da wuri, in ka yi sakaci kaɗan ya yi tsami, buhunan fulawa sun tafi a banza. Fulawar ma neman ta ake kamar magani, yau a ce akwai a wurin dila kaza, ka je ka tarar an kulle shago. Ruwa sai an bi mai tanka ana lallashi. Itace sai an tare motar tun a hanya. Wuta kuwa in an kawo da safe, kafin ka kunna injin kwaɓi an ɗauke, sai janareta, shi ma sai da man gas. Ga layin fetur da yake farawa daga gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, direbobi suna kwance a ƙarƙashin motocinsu suna neman inuwa. Ga masu shayi da masu kai burodi a keke sun cika ƙofa suna zagin ma'aikata. Duk wanda ransa ya ɓaci, ni yake nema.

Mai gidan burodin, Alhaji Sale, a tsallaken kogi yake zaune, kuma a shekarar siyasa ta ɗauke masa hankali. Yakan faɗo ba zato, da babbar riga da ƙamshin turare, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda zafi, ya ce, "Madam Rifkatu, na ji an ce burodin jiya ya ƙone ta ƙasa." In buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya shiga mota.

A tsakanin wannan duka nake cusa hidimar gida. In Sande zai je neman mai, in bi shi ya sauke ni a kasuwa in yi cefane a gurguje. In kai niƙa. In bi layin kananzir. In sayi maganin hawan jinin surukata in kai tasha a ba direban garinsu. In leƙa gaisuwar mutuwa in zauna kamar a kan ƙaya, ina satar kallon agogo. Ina wuni a tsakiyar burodi amma da yunwa nake wuni, don warin yis ya toshe mini ciki. Sai jiri ya fara ɗiba na nake tuna ban sa komai a baki ba tun safe.

Da magariba nake dawowa, ƙafafuna sun kumbura, gashina da girata duk fulawa. Ina ratsa shingen nan sai in ga wata duniya dabam. An yayyafa ruwa a ƙasa, ƙura ta kwanta. Laraba tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana tankaɗe, ko tana gyaran wake, tana waƙar coci a hankali da yarensu. Baban Dauda ya dawo daga aiki ya jingina kekensa, yana sauraron rediyo ana ta maganar zaɓaɓɓu da ranar rantsuwa. Godiya kuma tana jikin Laraba, an yi mata wanka, an shafe mata ƙurajen zafi da farar hoda, bakinta duk mangwaro.

Wata rana na shigo haka, Godiya ta ɗago ta gan ni, ta taɓa gwiwar Laraba ta ce, "Mama, Manaja ta dawo."

Gidan ya fashe da dariya. Baban Dauda har da buga cinya. Ni ma na yi dariya, don babu abin yi.

Laraba ta ce, "Kai, Godiya! Wannan ai mamanki ce. Ce Mama."

Yarinyar ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Ke ce Mama. Ita Manaja ce."

Ba laifinta ba ne. Su Dauda Mama suke cewa, ta bi bakinsu. Ni kuma kullum da asuba abin da take ji ana kira na da shi ke nan daga waje. Na san wannan sarai. Amma da na ɗauke ta muka koma gida, na tarar da ɗakinmu kamar tanda, babu wuta, babu ruwan sanyi a randa, tana ta zillo tana cewa ita wurin Mama za ta kwana, sai sanin nan bai yi mini amfanin komai ba.

Daga ranar idona ya buɗe a kan Laraba, kuma ba buɗewar alheri ba. Na fara ganin komai nata. Yadda take tafiya ba gaggawa. Yadda fatarta take sumul, ni tawa ta yi baƙi ta bushe. Yadda mijinta yake dawowa gida kullum ya ci tuwo da zafinsa. Har rijiyarta na ji haushi: me ya sa tata ce ba ta ƙafe ba? Matar da ko aji shida ba ta gama ba, ni da na yi karatu har na riƙe ma'aikata, amma ita ce take da inuwa, ita ce take da ruwa, ita ce take da 'yata. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba ta taɓa yi mini abin da zan riƙe ba. Da ta taɓa yi mini gori ko sau ɗaya, da na samu sauƙi. Sai dai in dawo ta miƙo mini kofin kunu mai sanyi ta ce, "Sha, Maman Godiya, kin sha rana." In karɓa in shanye, don ƙishirwa ba ta san fushi ba, ina sha ina jin haushin daɗinsa.

Na yi ƙoƙarin jawo 'yata ta hanyar da na iya. Na sa aka gasa mata ɗan ƙaramin burodi mai siffar kifi, da bota da yawa. Ta karɓa da murna, ta ruga ta kafar shinge tana kiran Mama ta zo ta gani. Na sayo mata takalmi ja mai igiya. Ta ƙi yarda in sa mata, ta ce Mama ce ta iya ɗaurawa. Ranar Lahadi, ranar da nake da ita, muna zaune a coci sai ta zame daga cinyata ta bi ta ƙarƙashin benci, sai ga ta can a layin su Laraba. Ina waƙa ina kallon ƙeyarta.

Da Yohanna ya zo ƙarshen wata na gaya masa. Yana cin tuwo da miyar karkashi da Laraba ta aiko, ya yi dariya ya ce, "To ai gaskiya ta faɗa, ba manajar ba ce ke?" Da ya ga fuskata sai ya gyara zama. "Rifkatu, ki gode wa Allah da ya ba mu maƙwabciya irin wannan. Wasu kulle yaransu suke yi a ɗaki su tafi aiki." Ya side hannu ya ƙara da cewa, "Matar nan ta iya miya fa."

Na kwashe kwanukan da ƙarfin da ya sa ya ɗago kai.

Ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sababbin shugabanni, Alhaji Sale ya zo da fara'a har kunne. Mutanensa sun ci zaɓe, za a yi gagarumin biki, za a kwaso magoya baya daga ƙauyuka a manyan motoci, kuma shi ya ɗauki nauyin burodin da za a raba musu. Ya faɗi yawan da yake so, na ce, "Alhaji, da wane ruwan? Da wane man?"

Ya ce, "Shi ya sa na ajiye manaja. Madam, wannan aikin mutuncina ne. In ya lalace, ni da ke duka mun lalace."

Aka shiga aiki ba ji ba gani. Tanda ba ta huce ba. Ma'aikata suka tuɓe riguna, zufa tana bin bayansu kamar an watsa musu ruwa, ɗaya har ya yanke jiki ya faɗi muka yi ta yi masa fifita. Sama kuma ta riƙa yi mana wasa da hankali, kullum da yamma hadari ya haɗu, iska ta tashi ta kwashe leda da ƙasa ta watsa mana a ido, sannan gari ya sake yin tsit, zafin ya dawo ya fi na da.

Ana jibi biki ina layin mai tare da Sande, tun safe motar ba ta matsa ba, sai na hango Baban Dauda a kan keke yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Na fito na tare shi. Ya ce Godiya ce, jikinta ya yi zafi tun bayan fitata, idanunta sun yi ja, ƙuraje sun feso mata a bayan kunne. Laraba ta goya ta sun tafi asibitin unguwa.

Na bar Sande da mota na hau acaɓa. Ban san sanda muka isa ba.

Asibitin cike yake da yara, duk ƙyanda, iyaye a zaune har ƙasa. Na hango Laraba a tsaye a baranda tana jijjiga, Godiya a bayanta ta kwantar da kai, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Nas ta fito da kati a hannu ta ce, "Ina uwar Godiya Yohanna?"

Muka amsa tare.

Nas ta dube mu, ta ce, "To wace ce a ciki?"

Laraba ta yi sauri ta ce, "Ga ta nan, ita ce. Ni maƙwabciya ce."

Nas ta juyo gare ni. Yaushe zazzaɓin ya fara? Ta ci wani abu yau? Ta yi amai? Tana tari? Kowace tambaya sai in buɗe baki in rufe, Laraba ta amsa daga bayana a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Nas ta daina kallona gaba ɗaya, ta koma yi wa Laraba bayanin magani.

Da za a yi allura na ce a ba ni ita. Laraba ta kwance goyo ta miƙo mini. Jikin yarinyar kamar garwashi. Tana jin hannu ya canja ta buɗe ido da ƙyar, ta fara kuka, muryar ma ba ta fita sosai, tana miƙa hannu baya tana cewa, "Mama. Mama." Na rungume ta na ce, "Ga ni, ga Mama." Ta sa hannu ta ture fuskata. Ƙarfin da ya rage mata ke nan, a kaina ta kashe shi.

Nas ta ce, "Madam, abeg, don Allah ki ba wadda za ta yarda da ita, akwai mutane a layi."

Na miƙa ta. Ta yi shiru nan take.

Na tsaya a barandar nan, hannuwana babu komai, ina kallon wata tana rarrashin 'yata. Kuma a cikin kaina, Allah ya sani, rabi yana wurin kwaɓin da na bari yana tashi. Laraba ta lura. Ta ce, "Ki je, Maman Godiya. Likita ya ce mu koma gida, a riƙa ba ta ruwa da magani. Ina nan. In wani abu ya canja zan aiko Baban Dauda."

Na so ta ce kada in tafi. Na so wani ya riƙe ni ya ce aikin ya lalace mana. Babu wanda ya ce. Na koma Sabon Tasha ina share hawaye da gefen ɗankwali a bayan mai acaɓa.

Burodi ya fita a kan lokaci. Ranar biki motoci suka zo suka kwashe, gari ya cika da kiɗa da hon, rediyo yana ta faɗin an shiga sabon zamani. Alhaji Sale ya aiko a ce mini na kyauta. Ni dai na kulle ofis da rana tsaka, karo na farko tun da na kama aikin, na tafi gida. Na tarar ƙurajen sun fara bushewa, Godiya tana zaune a cinyar Laraba tana shan kunu da cokali. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru, amma ta dube ni ta ɗan yi murmushi.

A yammacin nan ruwa ya sauka. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, mai ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Matan layi suka fito da duk abin da yake riƙe ruwa, bokiti da baho da tukunya har da kwanon tuwo, aka jera a ƙarƙashin indararo. Yara suka tuɓe suna tsalle a cikin taɓo. Na tsaya a tsakar gida da kayan aikina na bari ya dake ni, ƙurajen zafin da ke bayana suna yi mini ƙaiƙayi mai daɗi.

Bayan ruwan da kwana kaɗan Baban Dauda ya dawo gida da hantsi, abin da bai taɓa yi ba. An rage ma'aikata a masaƙa, sunansa yana ciki. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce yana da gona a gida, damina ta riga ta kama, in suka yi sauri za su samu shukar masara da dankali. Zaman birni babu aiki ba zai iya ba.

Da Laraba ta gaya mini, na ce, "Wayyo, Maman Dauda, ina za mu sa kanmu?" Kuma da gaske nake, don ban san wanda zai riƙe mini yarinya ba. Amma a can ƙasan zuciyata wani abu ya yi sanyi, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ana gobe za su tafi ta shigo gidana da yamma, abin da ba ta cika yi ba, don kullum ni ce mai ratsa shinge. Yohanna yana nan. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen zaninta, ta ce:

"Baban Godiya, Maman Godiya, wata alfarma na zo nema. In babu dama, kada ku ji komai. Ku ba ni Godiya ta yi mini damina. Can akwai sanyi, akwai madara, za ta murmure. Ke kuma kin samu sarari ki nemi mai reno a tsanake. Da an yi girbi ni da kaina zan dawo da ita."

Yohanna ya gyaɗa kai a hankali, ya dube ni. "To, ni dai ban ga aibu ba. Rifkatu, kin san halin da ake ciki. Wa za ki bar wa ita jibi?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ki dai yi tunani."

Na ce, "Na yi. Ko a bayana zan goya ta in tsaya a bakin tanda, babu inda za ta."

Muryata ta fita da ƙarfin da ban yi niyya ba. Laraba ta ɗago ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba, mai tsawo, ba fushi a ciki. Ina jin a lokacin ne ta gane abin da nake ɗauke da shi duk bazarar nan. Ta ce, "Gaskiyarki. Ni ma da ni ce, haka zan ce." Ta miƙe ta kakkaɓe zani. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba ta son a tashe ta da sauri. Ki fara shafa mata baya tukuna."

Da safe mota ta zo, aka loda gado da tukwane da keken Baban Dauda. Laraba ta sa Dauda ya ja Godiya gonar da ke bayan gidan wai su tsinko mangwaro a wata bishiya, ita kuma ta shige gaban mota ta rufe fuska da mayafi. Aka kira Dauda ya haye, mota ta tashi. Godiya ta fito da mangwaro a hannu biyu ta tarar da tsakar gida wayam.

Ba ta yi kuka ba a ranar. Ta zauna a gindin mangwaron tsakar gidan Laraba ta ce tana jiran Mama. Da ƙyar na ɗauko ta da magariba. Washegari ta koma. Abinci sai ta ɗanɗana ta ture. Na ɗauki hutun da ban taɓa ɗauka ba, Alhaji Sale ya aiko Sande har gida ya ji ko lafiya, na ce a gaya masa tanda ta san hanyarta. Daga baya wata tsohuwa 'yar cocinmu ta yarda za ta riƙa zama da ita.

Ranar da zan koma aiki na dubi kan Godiya na ga kitson da Laraba ta yi mata ya tsufa, duk ya tashi. Tun haihuwarta ban taɓa yi mata kitso da hannuna ba. Na tashe ta a hankali, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna a bakin ƙofa, gari ya yi luf bayan ruwan asuba, kwaɗi suna ta kuka a gonar rogo. Na tsefe, na sa mataji na ja tsaga.

Ta noƙe kai ta ce, "Ba haka Mama take yi ba."

Na dakata da matajin a hannu. Na ce, "To yaya take yi? Nuna mini."

Ta kama hannuna ta kai kan kwalbar man kaɗanya. "Sai ta sa wannan tukuna." Na sa. "Sai ta ce in kwanta a nan." Ta kwantar da kanta a cinyata. "Sai ta yi waƙa."

"Wace waƙa?"

Ta rera mini, da yaren da ni ban iya ba, ita ma ba ta san ma'anarsa ba. Na bi ta ina kwaikwayo, tana gyara mini. Sande ya iso ya yi hon, ya sake yi, na ɗaga masa hannu ya jira. Yatsuna sun saba da ɗaure bakin buhu, ba su saba da gashin yaro ba. Layukan suka fito a karkace, wani ƙato wani siriri, na ƙarshen ma ya ƙi kamuwa sai da na ɗaure shi da zare.

Na ɗauko madubi na ba ta. Ta juya kai dama, ta juya hagu, ta shafa da hannu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini madubin ta ce, "Ba komai. In Mama ta dawo za ta gyara."

Na ce, "Za ta gyara."

Na goge man da ke hannuna a zani, na ɗauki jakata, na fita wurin mota.